Yadda ake nemo kuɗin tura ɗalibi wani ɗakin bincike a fagen halittun ƙarƙashin ƙasa

A ramin haƙar zinariya na Mponeng da ke Afirka ta Kudu, kimanin kilomita 2.8 a ƙarƙashin ƙasa, akwai wata bakteriya da ke zaune cikin ruwan da ya maƙale a tsagin dutse. Ba ta san rana ba, ba ruwanta da iskar oksijin. Haidurojin take ci, wanda ke samuwa idan tururin nukiliya na yuraniyam ya farfasa ruwa, sai ta haɗa shi da salfet ta samu ƙarfi. A 2008 aka wallafa bayanin gadonta, aka sa mata suna Desulforudis audaxviator. Kafin a kai nan sai da aka tace dubban litocin ruwa a cikin ramin, aka ɗauki abin da matata ta kama zuwa Amurka, wasu suka karanta DNA, wasu suka auna sinadaran ruwan. Babu ɗakin bincike ɗaya da zai iya wannan shi kaɗai.

Haka fagen yake har yau. Masu hanyar shiga rami daban, masu jirgin haƙa ƙasan teku daban, masu na'urar da ke leƙa ƙwaya ɗaya tak daban, masu haƙurin renon halittar da ke ɗaukar makonni kafin ta rabu biyu su ma daban. Ɗalibin digiri na biyu ko na uku da ya tsaya a ɗakin malaminsa daga farko har ƙarshe zai fita da rabin sana'a. Shi ya sa ake tura ɗalibai su yi makonni ko watanni a wani wuri. Tafiyar kuwa kuɗi take ci, kuma kuɗin ba ya zuwa wa wanda ya ce kawai yana son ya ga duniya.

Mataki na farko: ka san abin da hannunka zai koyo

Kafin ka buɗe shafin wata gidauniya, zauna ka rubuta jimla ɗaya: wace dabara ce ko wace na'ura ce aikinka ya tsaya cik saboda rashinta? Idan jimlar ta ƙi fitowa, lokacin tafiya bai yi ba.

A wannan fage dabarun da ke sa a yi tafiya sanannu ne. Akwai ƙidayar ƙwayoyi a cikin laka ko dutsen da halittunsa ba su taka kara sun karya ba. A saman lakar teku kusa da gaɓa ana iya samun ƙwayoyi wajen biliyan a cikin santimita kubik ɗaya, amma can ƙasa sukan ragu zuwa 'yan dubbai ko ɗaruruwa, har sai an ware su daga ƙasar kafin a rina su a ƙirga. Cibiyar Kochi ta Japan ta yi suna a wannan. Akwai auna saurin numfashin masu cin salfet da sinadarin salfa mai tururin nukiliya, abin da masu bincike a Aarhus ta Denmak da Bremen ta Jamus suka daɗe suna yi. Akwai karanta gadon ƙwaya ɗaya tilo, kamar yadda ake yi a ɗakin binciken Bigelow da ke jihar Maine a Amurka. Akwai na'urar NanoSIMS, wadda ke nuna ko wata ƙwaya ta haɗiye abincin da aka yi wa alama, kuma jami'o'in da ke da ita ba su da yawa. Sai uwa uba reno ba tare da oksijin ba.

Wannan na ƙarshe ya isa misali kan dalilin da ya sa karanta takarda ba ya wadatarwa. A rubuce, abin layi uku ne: a zuba ruwan reno a kwalba, a kori iskar ciki da naitirojin, a toshe da roba mai kauri a ɗaure da zoben alminiyam. A aikace kuwa, cikin ruwan akwai wani rini mai suna resazurin da ke zama fari tas idan babu oksijin, da zarar iska ta samu ƙofa sai ya koma ruwan hoda. Sabon hannu zai cika kwalabe ashirin da yamma, ya dawo da safe ya tarar rabinsu sun yi hoda. Yadda ake karkata kwalbar, yadda ake wanke sirinji da naitirojin kafin a soka allura, tsawon lokacin da ake barin iskar tana gudu, duk a gefen wanda ya iya ake ɗaukarsu. Gani ya kori ji. Irin wannan bayani ne mai duba takardar neman tallafi ke son ya gani, domin shi ke nuna masa cewa imel da kiran bidiyo ba za su maye gurbin tikitin jirgi ba.

Mataki na biyu: ka samu mai masauki kafin ka nemi kuɗi

Kusan duk mai ba da tallafi zai nemi wasiƙar gayyata, saboda haka mai masauki ne farko. Hanya mafi sauƙi ita ce malaminka ya yi maka iso. Shugabannin ɗakunan bincike suna samun saƙonni barkatai daga mutanen da ba su sani ba, amma saƙon abokin aiki ba ya kwana ba a buɗe ba. Idan malaminka bai san kowa a can ba, taron masana shi ne dama ta biyu: Goldschmidt na masu nazarin sinadaran ƙasa, taron masana kimiyyar ƙasa na AGU a Amurka, irinsa na EGU a Vienna, ko na ISME na masu nazarin zaman ƙananan halittu. Tsayawa minti goma a gaban fostar mutum ana tambayarsa abin da ya shafi aikinsa ya fi wasiƙa mai shafi biyu.

Saƙonka na farko ya zama gajere. Ka faɗi samfurin da ke hannunka da inda aka samo shi, dabarar da kake nema, watannin da kake tunani, sannan ka faɗa a fili cewa kai za ka nemo kuɗin tafiyarka. Wannan jimlar ta ƙarshe tana sauƙaƙa amsa ƙwarai. Kada ka manta da abin da kai za ka kawo musu. Wanda ke da ruwan wata rijiya mai zurfi da ba a taɓa nazari ba, ko ya iya sarrafa bayanan DNA a kwamfuta, ba da hannu biyu wofi ya zo ba.

Da zarar an amsa, tambayi abu ɗaya da ɗalibai da yawa ke jin nauyin tambaya: wa zai tsaya a kaina kullum? Farfesan da ya sa hannu a wasiƙa wataƙila sau biyu za ka gan shi. Mai koya maka aikin shi ne ma'aikacin fasaha ko mai binciken bayan digiri na uku. Idan wannan mutumin zai tafi hutun haihuwa, ko zai hau jirgin haƙa na wata biyu daidai lokacin zuwanka, to a sauya lokaci. Haka na'ura: a wasu wuraren ana kama layinta watanni kafin ranar aiki, don haka a sa sunanka tun yanzu.

Mataki na uku: ka auna tafiyar da saurin halittun

Nan ne wannan fage ya bambanta da sauran nazarin ƙananan halittu, kuma nan ne takardu da yawa ke faɗuwa. Bakteriyar E. coli tana rabuwa biyu cikin kamar minti 20 idan ta samu yadda take so. Ta ƙarƙashin ƙasa ba haka take ba. Hiroyuki Imachi da abokan aikinsa a hukumar JAMSTEC ta Japan sun shafe kimanin shekara 12 kafin su kammala renon wata arkiya (ƙaramar halitta mai kama da bakteriya) da suka samo daga lakar ramin teku na Nankai, wadda suka bayyana a 2020, kuma ita tana ɗaukar kwana 14 zuwa 25 kafin ta ninka. A wannan shekarar ce kuma Yuki Morono da ƙungiyarsa suka nuna cewa ƙwayoyin da ke cikin lakar kudancin tekun Fasifik mai shekara sama da miliyan 100 sun farfaɗo sun ci abinci da aka ba su, amma sai da aka bar kwalaben suna zaune makonni da watanni.

Saboda haka wanda ya rubuta cewa cikin mako takwas zai rena sabuwar halitta daga zurfin kilomita biyu, ya bayyana ta, ya karanta gadonta, ya riga ya gaya wa masu dubawa cewa bai san fagen ba. Akwai hanyoyi uku na kauce wa wannan. Ko dai ka fara renon a gida watanni kafin tafiya, ka je da kwalaben da suka riga suka nuna alamar rai don a auna su a can. Ko ka je ka kafa gwajin, ka dawo, mai masauki ya ci gaba da ɗibar samfur yana ajiye maka. Ko kuma ka raba tafiyar gida biyu, gajeriya a farko don kafawa, wata bayan wata shida don girbi. Ni na fi karkata ga ta ukun idan mai tallafi ya yarda, ko da tikiti biyu za a saya, domin ziyarar farko ce ke nuna maka kurakuran tsarinka tun akwai sauran lokacin gyara.

Idan samfurin ƙasan teku kake buƙata, ba lallai ka hau jirgi ba. Abin da aka haƙo shekaru da dama yana ajiye a rumbuna uku: Bremen, Kochi, da College Station a jihar Texas. Bayan shekara ɗaya da ake ware wa waɗanda suka yi balaguron haƙar, kowane mai bincike zai iya cika takardar neman samfur. Sai dai a lura, yawancin abin da ke rumbun a sanyin firji kawai aka ajiye shi, kuma irin wannan ya riga ya canza ta fuskar halittu. Wanda aka daskarar tun a jirgi domin nazarin halittu shi za ka tambaya.

Mataki na huɗu: ina kuɗin yake

Fara da gida. Tallafin da malaminka ke riƙe da shi sau da yawa yana da layin tafiye-tafiye ko na horo da ba a taɓa ba. Makarantar gaba da digiri ta jami'arka ma takan ware wani abu, kuma masu nemansa ba su kai yawan masu neman na waje ba. Ƙaramin kuɗin gida yana da wani amfani: idan ka nuna wa babbar gidauniya cewa jami'arka ta ɗauki nauyin tikiti, ta fi saurin ɗaukar sauran.

Daga nan sai ƙungiyoyin masana. EMBO, ƙungiyar Turai ta masu nazarin ƙwayoyin halitta, tana da tallafin musayar masu bincike na har wata uku tsakanin ɗakunan ƙasashen da ke cikin tsarinta. FEMS, gamayyar ƙungiyoyin masu nazarin ƙananan halittu ta Turai, tana da tallafin bincike da horo, amma sai kana cikin ɗaya daga ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta, don haka ka yi rajista da wuri. Shirin COST na Turai yana biyan gajerun ziyarce-ziyarce ga waɗanda ke cikin wata haɗakarsa.

Sai na gwamnatoci. DAAD, hukumar musayar ilimi ta Jamus, ta daɗe tana ɗaukar ɗaliban digiri na uku daga ƙasashen waje su yi bincike na 'yan watanni. JSPS, hukumar bunƙasa kimiyya ta Japan, tana yin makamancin haka a can. Mitacs a Kanada tana da shirin ziyarar bincike mai suna Globalink. Hukumar tallafin karatu ta Commonwealth tana da tsarin da ɗalibi zai yi har shekara ɗaya a wata jami'ar Birtaniya alhali rajistarsa na jami'ar ƙasarsa. Akwai kuma shirin musayar ma'aikata na Marie Skłodowska-Curie, amma wannan ba ɗalibi ke nemansa ba, jami'o'i ne ke haɗuwa su nema, sai ka tambaya ko ɗakinku ko na mai masauki yana cikin irin wannan haɗaka.

Ƙofar da ake yawan mantawa da ita ita ce ta masu neman rai a wasu duniyoyi. Idan akwai halitta a duniyar Mars, mafi yawan masana suna ganin a ƙarƙashin ƙasa za ta kasance, shi ya sa sashen NASA mai wannan bincike ya tallafa wa aikin ramuka da rijiyoyi masu zurfi, har da ziyarar matasan masu bincike zuwa wasu ɗakuna. A ɓangaren haƙa kuwa akwai ECORD, haɗakar Turai kan haƙa ƙasan teku, mai makarantun bazara da ƙananan tallafi, da ICDP mai hedikwata a Potsdam, wadda ke kula da haƙa a kan tudu kuma tana shirya horo.

Wani gargaɗi. Shafukan intanet na shirye-shiryen da suka ƙare suna nan ba a goge su ba. Deep Carbon Observatory, wadda gidauniyar Sloan ta ɗauki nauyinta kuma ta ƙiyasta cewa halittun ƙarƙashin ƙasa sun ƙunshi tan biliyan 15 zuwa 23 na kabon, ta yi wa'adinta na shekara goma daga 2009 zuwa 2019. Cibiyar C-DEBI mai nazarin halittun ƙarƙashin ƙasan teku, da aka kafa a 2010 a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wadda ta tura ɗalibai da yawa musaya, ita ma kuɗinta na wa'adi ne. Jirgin haƙa ƙasan teku mai suna JOIDES Resolution ya daina aikin haƙa a 2024, kuma daga 2025 Turai da Japan suka buɗe sabon shiri mai suna IODP3. Don haka duk sanarwar da ka gani, duba shekararta, ka aika wa ofishin tambaya kafin ka ɓata mako biyu kana rubutu. Sharuɗɗan ƙasa da na shekarun karatu ma suna canzawa, na bana za ka karanta.

Nemi wuri biyu ko uku a lokaci ɗaya, ka faɗa wa kowanne gaskiyar cewa ka nemi wani. Biyan abu ɗaya sau biyu ne laifi, haɗa tallafi ba laifi ba ne muddin dokar kowanne ta yarda.

Mataki na biyar: rubutun

Yawanci shafi biyu zuwa uku ne, kuma mai dubawa yana da tarin irinsu a gabansa. Sakin layin farko ya amsa tambaya uku: mene ne tambayar binciken, me ya sa ba za a iya amsa ta a gida ba, me ya sa wannan ɗakin ne ba wani ba. Kada ka cinye rabin shafi kana bayyana cewa akwai rai a ƙarƙashin ƙasa, mai karatun ya sani.

A ce wata ɗaliba tana da ruwan rijiya mai zurfin mita 900, DNA ya nuna mata akwai masu samar da iskar mitan a ciki, amma ba ta san ko suna aiki ko a kwance kawai suke ba. Takardarta za ta ce: zan ciyar da samfurin da kabon mai alama tun a gida, bayan wata huɗu in kai shi wurin masu NanoSIMS, mako biyun farko in koyi shirya ƙwayoyi a kan matata, mako huɗu na awo, mako biyu na sarrafa bayanai. Irin wannan jadawali, mako bayan mako, shi ke bambanta mai shiri da mai fata.

Ka ware wuri na musamman ga gurɓata, domin a wannan fage ita ce tambayar farko da kowa zai yi. Inda ƙwayoyi suka yi ƙaranci, bakteriyar da ta zo daga ruwan haƙa, ko daga fatar hannu, ko ma daga cikin kwalin sinadaran fitar da DNA, tana iya rinjayar ta asali. Faɗi yadda aka ɗebi samfurin, ko an zuba sinadarin alama a ruwan haƙa don a ga iya inda ya kutsa, ko an fere bayan curin dutse ko lakar da aka haƙo an ɗauki tsakiyarsa kawai, da kuma kwalabe nawa na fanko za ka bi da su duk matakan aikin don kwatance. Sannan ka faɗi abin da za ka yi idan samfurin ya ƙi ba da komai. Samun samfur na biyu mai yawan ƙwayoyi a ajiye yana tabbatar da cewa ko gwajin ya faɗi, dabarar za ta shiga hannu.

Wasiƙar mai masauki kada ta tsaya a "muna maraba da shi". Ta ambaci ranaku, sunan mai koyarwa, na'urar da aka ware, da abin da ɗakin zai ɗauka na kayan aiki. Ba abin kunya ba ne ka tura masa jerin abubuwan da kake so wasiƙar ta ƙunsa, yawancinsu ma sun fi son haka.

Mataki na shida: kasafi

Tikiti, masauki da abinci kowa yana tunawa da su. Abin da ke karya ɗalibi shi ne wanda bai rubuta ba: kuɗin biza da zuwa ofishin jakadanci, inshorar lafiya, kuɗin ajiya da mai gida zai riƙe, kuɗin benci da wasu jami'o'i ke karɓa daga baƙo, da kuɗin na'ura da ake lissafawa awa-awa ko rana-rana. Tallafin musaya da yawa tafiya da zama kawai yake biya, ba ya taɓa kayan gwaji. Idan haka ne, malaman biyu su yanke wanda zai biya, a rubuce, kafin ka tashi.

Jigilar samfur ita kaɗai tana iya kai kuɗin tikiti. Abin da aka ajiye a digiri 80 ƙasa da sifili sai da busasshiyar ƙanƙara yake tafiya, ita kuma kayan haɗari ce a dokar jiragen sama, lambarta UN1845, akwatinta ba a toshe shi gam saboda iskar da take fitarwa, kuma fasinja ba ya wuce kilo 2.5 da ita, shi ma sai da izinin kamfanin jirgi. Ƙanƙarar tana raguwa kullum. Akwatin da kwastan suka riƙe daga Juma'a zuwa Litinin zai iya isa da ɗumi, aikin shekara ya tafi. Aika a farkon mako, nemi kamfanin da ke ƙara ƙanƙara a hanya, sa na'urar da ke rubuta zafi a cikin akwatin, kuma kada ka taɓa aika duk abin da kake da shi a tafiya ɗaya. Kwalaben reno masu rai kuwa ba a daskarar da su, matsalarsu ita ce oksijin da jijjiga, sai a sa su cikin jaka ko gwangwani marar iska.

Kowane layi na kasafin ka jingina shi da farashin da ka gani a rubuce. Idan dokar tallafin ta yarda, ƙara kamar kashi 10 cikin ɗari saboda canjin kuɗi. Sannan ka tambayi yadda ake biya. Wasu sai ka dawo ka kawo rasit suke mayar maka, wanda ke nufin za ka ciyar da kanka wata uku daga aljihunka. Idan ba za ka iya ba, nemi jami'arka ta ba ka wani kaso tun gaba ta cire daga baya.

Mataki na bakwai: takardu

Biza ta fi komai cin lokaci, kuma bizar yawon buɗe ido ba lallai ta halatta maka aiki a ɗakin bincike ba. A Amurka yawanci J-1 ake amfani da ita, kuma sai jami'ar da ta gayyace ka ta fitar da fom DS-2019. A yankin Schengen gajeriyar biza kwana 90 ce cikin kowane kwana 180, wanda ya wuce haka sai ya nemi ta ƙasar da zai zauna. Ofishin baƙi na jami'ar mai masauki shi ya san daidai, tuntuɓe shi ranar da aka amsa maka.

Samfur ma yana da nasa fasfo. Jami'o'in biyu za su sa hannu a yarjejeniyar miƙa kaya, kuma lauyoyinsu ba sa gaggawa. Yarjejeniyar Nagoya, wadda ta fara aiki a 2014, ta ba ƙasashe iko a kan halittun da ke cikin iyakarsu, har da waɗanda ba a gani da ido, don haka ruwan da aka ɗebo daga ramin wata ƙasa yana iya buƙatar izininta kafin a fitar da shi ko a karanta gadonsa. Wasu ƙasashen kuma suna neman izini na daban kafin a shigo da ƙasa ko laka.

Idan ziyarar ta haɗa da shiga ƙarƙashin ƙasa, kamar a Sanford da ke tsohuwar mahaƙar Homestake a Dakota ta Kudu, ko Boulby a Ingila, ko Kidd Creek a Kanada inda Barbara Sherwood Lollar da ƙungiyarta suka samo ruwan da ya haura shekara biliyan, akwai horon kariya kafin a bar ka ka sauka, a wasu wuraren har da gwajin likita. A ramukan Afirka ta Kudu masu zurfi zafin dutsen kansa yana kaiwa wajen digiri 60, shi ya sa ake gwada juriyar mutum ga zafi. Kwanakin nan ka sa su a jadawali, ka kuma tabbatar inshorarka ba ta cire aikin rami ba. Aiki da sinadari mai tururi shi ma yana da nasa horo da izini. Duk wannan ne ya sa ake fara shiri wata tara zuwa shekara kafin ranar tashi.

Mataki na takwas: tun ran gini, tun ran zane

Kafin ka tashi, malaman biyu da kai ku amince a kan shafi ɗaya: bayanan da za a samu na waye, sunan wa zai zo farko a takarda, za ka iya sa sakamakon a kundin digirinka ko da ba a wallafa ba, ragowar samfur a ina za ta zauna. Ɗalibi ne ya fi kowa rauni idan saɓani ya taso, don haka shi ya fi buƙatar rubutun.

A can, da bayan dawowa

Makon farko na horon kariya ne da neman katin shiga, kada ka ɗauka za ka taɓa samfurinka. Fara koyo da samfurin banza. Rubuta komai da hannunka, har abin da mai koyarwa ke yi bai faɗa ba, ka ɗauki hoton yadda aka jona bututu, ka rubuta lambar kowane sinadari da kamfanin da ke yin sa. Kowane yamma ka tambayi kanka ko za a iya wannan da kayan da ke ɗakinku, in ba za a iya ba, ka tambayi mai koyarwa abin da zai maye gurbi tun kana kusa da shi. Kwafi bayananka wuri biyu kafin ka miƙa katin shiga, domin ranar da ka tafi ake rufe asusunka na kwamfuta.

Da ka dawo, cikin makonnin farko ka sake yin dabarar a gida tun hannu bai huce ba, ka koya wa aƙalla mutum ɗaya. Aika rahoto da rasit kafin wa'adi, ka ambaci mai tallafi a duk abin da ka wallafa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma rahoton da bai zo ba kan ɗalibin da zai nema bayanka yake faɗawa.

Ga shugaban ɗaki ko na haɗaka da ke son kafa irin wannan asusu da kansa, abubuwa kaɗan ne ke sa ya yi aiki. Fom ya zama gajere, a karɓi buƙata fiye da sau ɗaya a shekara tunda jirgin haƙa da masu mahaƙa ba sa bin kalandar jami'a, a ba da amsa cikin makonni, a biya mafi yawan kuɗin kafin tafiya. A ware wani kaso ga ɗakin da ya karɓi baƙo don kayan gwaji, a kuma bar ɗan saura da ɗalibi zai sayi robobin toshe kwalba, allurai da tukunyar naitirojin idan ya koma ɗakinsu.